Wardin Jos a Gonar Ƙuba

Na sauka Jidda da akwatin kwano ɗaya da ƙaramin buhun dankalin Turawa, kuma buhun ya fi akwatin daraja a wurina. A jikin kowane dankali na soke siririyar sanda mai ƙaya, yankan reshen furen wardi. Haka mu gadinonin Jos muke yi in reshe zai yi tafiya mai nisa, yana shan damshin dankalin, ba ya bushewa. Ma'aikacin kwastan ya leƙa buhun, ya dube ni, ya faɗi wani abu da Larabci, abokin aikinsa ya yi dariya. Ina jin cewa ya yi ga wani ya taho da cefanensa tun daga Najeriya. Ban damu ba, tunda sun bar ni na wuce.

Sunana Iliya, gadina ne ni ɗan gadina. Watanni kaɗan kafin wannan tafiya, a farkon shekarun tamanin, wani mutumin Madina mai suna Shaikh Hamza ya zo Jos yana cigiyar mahaifina. Ya tarar ya rasu, sai aka nuna masa ni ina aske ciyawa a gidan hutun da Baba ya yi wa aiki har tsufansa. Shaikh Hamza jikan Hausawa ne da suka taka da ƙafa zuwa Hajji suka zauna a can. Yana jin Hausa sarai, amma in zai amsa Larabci ya fi zo masa a baki. Ya ce mahaifiyarsa, Hajja Sa'adiyya, tana kwance, kuma likitoci sun ce ciwon ba na tashi ba ne. Tana amarya mijinta ya taɓa kawo ta Najeriya, ta yi damina guda a wannan gidan hutu, yanzu kuwa ba ta da zance sai na furannin da ke bakin tagarta a lokacin. Yana so in je in shuka mata irinsu a gonarsu ta Ƙuba, ta gani kafin ta tafi. A lokacin kuza ta faɗi, Turawan da muke yi wa aiki suna ta ɗaure kaya. Na ce to.

Wanda aka wakilta ya tarbe ni a Jidda wani Alhaji Bala ne, Bakano mai bakin zuma. Shaikh ya ba shi kuɗin bas don ya sa ni a hanya ranar da na sauka. Maimakon haka ya ajiye ni a ɗakinsa, ya ce akwai wani tambari da ba a buga wa fasfo ɗina ba. Kullum na tambaya sai ya ce, "Bukra, gobe in sha Allahu. Kai dai ka huta, ɗan'uwa." Hutun kuwa shi ne sauke masa katan-katan na atamfa daga mota zuwa bene. Ina kallon dankalina yana yamutsewa a lungun ɗaki, ina yayyafa masa ruwa, zuciyata na tafasa. Ranar da na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, sai ga tambari ya samu nan take. Ya ɗora ni a bayan wata babbar mota mai ɗauke da bututun siminti, wadda sai ta biya ta Yanbu kafin ta nufi Madina.

"Ai duk hanya ce," in ji shi. "Har teku za ka gani kyauta."

Na ga teku, na kuma ga abin da ya fi teku. A Yanbu ana ta gina matatar mai, ƙarfe da ƙura ko'ina, muka tsaya jiran a sauke kaya. Na je neman ruwan alwala, na yi salla, na dawo na tarar direbanmu, wani Bayamane mai fara'a, ya hura risho a inuwar mota yana dafa dankali da tumatir. Nawa. Fiye da rabin buhun ya fere, sandunan kuwa ya watsar a yashi, don a ganinsa tsinkaye ne marasa amfani. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Biromanci, na ƙara da Turancin kicin. Ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini kwano yana murmushi. Abin kunya, na ci, don yunwa nake ji.

Ina durƙushe ina tsintar sandunan sai na ga inuwa a kaina. Wani Bature ne da hular kwano, fuskarsa ja kamar an yanka gauta. Ya ɗauki reshe ɗaya ya duba yadda aka yanke shi, ya dubi ɓawon dankalin, ya ce da Hausar Turawan kuza, "Sannu. Kai mutumin Jos ne?" Ashe ya yi shekaru a Bukuru kafin aikin ya mutu, ya biyo mai zuwa nan. Ya tambaye ni ko har yanzu ana hura wuta a falo da yamma, ko hazo na sauka a kan duwatsun Shere. Ya ce duk inda ya zauna a duniya, can ne kawai ya kwana da bargo ya tashi bai yi kewar gida ba. Ya shiga ofishinsu ya fito mini da akwatin ƙanƙara da jiƙaƙƙen tawul, muka nannaɗe abin da ya rage. Irinsu ne suka kusa kashe mahaifina, amma wallahi a ranar na yi murnar ganinsa kamar na ga kawuna.

Ƙuba unguwa ce a kudancin Madina, gidajen siminti suna ta cinye tsofaffin gonakin dabino. Gonar su Shaikh na cikin waɗanda suka rage: dabino jere-jere, rijiya mai inji, katangar baƙin dutse, sai gida a gefe. Aka ba ni ɗaki tare da Baba Yunusa, dattijon da ke kula da dabinon. A Sudan aka haife shi, a kan hanyar iyayensa ta zuwa Makka, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa. Ya kalli sandunana da na jera a gwangwanayen madara, ya ce, "To, gadina. Waɗannan ne aka hau jirgi dominsu?"

Ɗakin Hajja yana da taga mai ragar katako da ke kallon wani fili fetal a gaban gonar. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Kowace safiya in ina gyaran filin sai in ji mai yi mata hidima ta tura tagar, sai murya siririya ta fito.

"Ya waladi, ɗana, ka kwana lafiya? Kai ne ɗan Musa gadina?"

"Ni ne, Hajja."

"Ubanka mutum ne mai shiru. Kullum da safe sai in tarar da fure a kwalba a bakin ƙofa, ban taɓa kama shi yana ajiyewa ba."

Daga nan hira ta ƙullu. Ta ba ni labarin yadda mijinta, wanda sana'arsa neman maniyyata ce, ya kai ta Kano, zazzaɓi ya kwantar da ita, likita ya ce a kai ta kan dutse ta sha iska kamar yadda ake kai matan Turawa. Ta tuna jirgin ƙasa yana hawa yana nishi, da shingayen ƙerana a ƙauyukan Birom, da Kwarori da Indiyawa a kantunansu, da matan Turawa a kan dawakai sun ɗaura gyale. Ta ce a rayuwarta ba ta taɓa sanin ruwa zai iya zuba tun safe har dare ba tare da mutane sun fito suna kallonsa ba.

Ni ma na ba ta tawa Jos ɗin, wadda mahaifina ya ba ni. Kafin Turawa su ji ƙamshin kuza babu gari a wurin, sai ƙauyukan masu ƙasa a cikin duwatsu. Kuza ce ta kawo jirgi, ta kawo lebura daga ko'ina, sanyi kuma ya riƙe Turawa har suka gina gidaje masu murhu a bango suka shuka itatuwan ƙasarsu. Mahaifina kuwa ba da son ransa ya je ba. Lokacin yaƙin Hitila aka yi abin da suke kira ɗiban gwamna, aka kwaso samari daga ƙauyukan Katsina aka zuba su a ramukan kuza da riga ɗaya a jiki. Sanyin da Bature ke zuwa nema shi ne ya riƙa ɗauke su a bukkoki. Wata matar injiniya ce ta gan shi yana rawar ɗari a bakin hanya ta ɗauke shi ban ruwan fure, ta koya masa yanka da dashe.

Hajja ta ce, "Ni ban ga wannan ba. Daga taga nake kallo."

"Nan ma daga taga za ki gani, Hajja. Ki ba ni 'yan watanni."

"In an ba ni, na ba ka," in ji ta.

Kewar gida ta kama ni sosai a makonnin nan. Nakan shiga bas zuwa Harami in yi salla, in zauna kusa da ɗaliban jami'a 'yan Najeriya don kawai in ji Hausa mai sauri. Amma su zancensu littattafai, ni nawa taki. In na dawo sai in cika wa Baba Yunusa kunne da Jos: ruwanmu, kabejinmu, ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama. Har ya sa mini suna Sarkin Sanyi.

Cikin watan Afrilu, wata ranar la'asar, gari ya yi duhu ta gabas. Aka yi tsawa, iska ta kaɗa dabino, sai ga ruwa. Bai daɗe ba, amma ƙasa ta jiƙa ta yi wannan ƙamshi da duk ɗan Jos ya san ma'anarsa. A wurinmu ruwan Afrilu shi ne na fari. In ya sauka, gadina ba ya jiran umarnin kowa, washegari sai dashe, domin daga nan sama ce za ta karɓi aikin har wata shida. Tun ina yaro haka jikina ya saba. Da asuba na fito da gwangwanayen daga ƙarƙashin dabino na jera su a filin gaban taga.

Baba Yunusa ya sauko daga kan dabino ya tsaya a kaina.

"Me za ka yi, ɗana?"

"Dashe, Baba. Ba ka ga an yi ruwa ba?"

"Wannan ai na sallama ne. Ba za ka sake ganin wani ba sai bayan alhazai sun watse. Ka mai da su inuwa kusa da rijiya, ka yi ta lallaɓa su har zafi ya karye."

"Wardi ba ya son inuwa. Haka mahaifina ya koya mini."

"Mahaifinka ya taɓa yin bazara a Madina?"

Na ji haushin maganar. Na ce masa shi dabino ya sani, kuma dabino ko jaki ya shuka shi zai fito. Sai na rage murya na nuna tagar da haɓa, na ce, "Kana ganin tana da wata shida na jira?" Ya dubi tagar ya daɗe, ya ce, "Allahu a'alam. To ko rabi ka bari." Rabin ma ban bari ba. Bayamane ya riga ya cinye mini rabi, abin da ya rage ba zai cika idon mai kallo daga gado ba. Na dasa duka.

Da farko kamar ni ke da gaskiya. Ƙasa na da ɗumi, ina ba su ruwa safe da yamma, suka fito da jajayen ganyaye masu taushi. Ɗaya har ya yi toho. Shaikh Hamza ya zo ya gani ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma sha Allah, ya mu'allim." Na riƙa wucewa ta gaban Baba Yunusa ina fito. Hajja kuwa idonta ya yi rauni, ba ta hango sosai, sai ni nake zama idonta. Kullum in gaya mata ganye nawa aka ƙara, tohon ya kai girman me, tana cewa, "Ja ne ko fari? Na bakin tagata ja ne."

Sai Mayu ta shigo. Ni na ɗauka na san zafi, tunda na taɓa kwana biyu a Sakkwato. Rana takan fito tun da sassafe da fushinta, baƙaƙen duwatsun katanga su sha ta su yi ta amayo ta har bayan magariba. Ruwan rijiyar yana da gishiri-gishiri, in ya bushe sai ya bar farin tabo a gindin shukar. Gefen ganyaye ya fara ƙonewa. Na yi musu rumfa da buhuna, abin da na rantse ba zan yi ba. Baba Yunusa, ba tare da ya tuna mini komai ba, ya saro ganyen dabino ya taya ni kafawa. Azumi ya kama a tsakiyar wannan wuta. Ina ɗibar ruwa ina zuba wa ƙasa, maƙogwarona a bushe, ina kallon sama kamar wawa ko hadari zai taso.

Wata rana da azahar iskar da suke kira samum ta taso. Ba ta da ƙarfi sosai, zafi ne da ita kamar an buɗe tanda. Kafin la'asar tohon nan ya sunkuya ya yi baƙi. Cikin mako guda babu abin da ya rage sai sanduna. Na kankare ɓawon kowace da farce ina neman kore, ban samu ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ni da gemuna.

Ban iya gaya mata ba. Da safe in ta tambaya sai in ce suna nan suna ƙoƙari. Bayan Salla ƙarama Baba Yunusa ya je wata gona ya samo wardin Madina, ɗan ƙarami mai ruwan hoda wanda suke jefawa a shayi, shi ba ya tsoron zafinsu. Muka sa a kwalba muka ba mai hidima ta shigar mata. Na tsaya a gindin taga ina saurare.

Can sai na ji dariyarta, 'yar ƙarama, ta ƙare da tari.

"Ya waladi, wannan ai namu ne. Tun ina yarinya nake shan shi a shayi. Naku babba ne, ƙamshinsa kaɗan, in ka taɓa shi da safe sanyi ne da shi."

"Ki yafe mini, Hajja. Sun mutu. Ni na kashe su da gaggawa."

"Na sani. Tun ranar da ka daina fito na sani." Ta numfasa. "Ma'alesh, ba komai. Zauna ka ba ni labarin ruwa. Yanzu wane wata ne a can?"

"Yuli, Hajja. Yanzu ko wanki ba ya bushewa."

"To faɗa mini yadda yake yi a kan kwano."

Na zauna a ƙasa, bayana jingine da bango mai zafi, na yi ta ba ta labari. Yadda yake farawa ɗai-ɗai, yadda yake rufe muryar mutum, yadda kududdufan tsofaffin ramukan kuza ke cika su yi kore. Ita kuma ta gaya mini abin da ban tambaya ba. Ta ce a can ne kawai ta taɓa tafiya a fili ita da mijinta, ba kowa, ruwa ya kama su a hanya, ya cire kwat ɗinsa ya rufa mata. Da suka dawo Madina ya koma mai gida, ita ta koma bayan taga.

Haka muka yi ta yi har muryarta ta fara gajarta. Shaikh ya yi mata alkawari zai sa a kawo dashe daga garin Ɗa'ifa mai sanyi da zarar zafi ya karye, ta ce to, Allah ya kai mu. Bai kai ta ba. Ta rasu ana saura kwanaki kaɗan alhazai su fara isowa. Muka yi mata salla a Harami, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a, na bi gawar a can baya cikin mutanen da ban sani ba.

Na zaci za a sallame ni, amma ba wanda ya ce mini komai. Shaikh ya shiga hidimar alhazai. Da zafi ya karye sai ga mota daga Ɗa'ifa da dashen da ya yi oda tun tana da rai, ya manta bai soke ba. Na tambayi Baba Yunusa, ya ce, "Yanzu ne lokacinsu. Ka dasa, abu mai rai ne." Wannan karon duk abin da ya ce shi na yi. Muka canza ƙasar, muka kawo takin awaki, muka riƙa tara ruwan famfo don kauce wa gishirin rijiya.

Sai sanyi ya zo, sanyi na gaske, wanda ban taɓa zaton Madina na da shi ba. Da asuba in fito da bargo a kafaɗa, bakina na hayaƙi, raɓa a kan ganye. Cikin Janairu suka buɗe. Jajaye, manya, in ka taɓa su da safe sai ka ji sanyi a yatsa. Tagar kuwa a rufe take da sakata tun ranar jana'iza.

Na yanki mafi kyau na ɗaure da zare. A Jos in Bature ya mutu mu ake sawa mu yanko fure a kai kabarinsa, har na taho akwai kaburburan da nake sharewa. Na sa takalmi zan nufi bas, Baba Yunusa ya tare ni a ƙofa.

"Ina za ka da wannan?"

"Baƙi'a."

"Ba a kai wa mamaci fure a nan, ɗana. Askar mai gadin wurin ma ba zai bar ka ba. Kuma wane kabari za ka nuna? Duk iri ɗaya ne, ba suna."

Na tsaya riƙe da furen ban san inda zan sa shi ba. A haka Shaikh Hamza ya shigo gonar, karo na farko tun bayan rasuwar. Ya tsaya a bakin filin. Ya dubi furannin, ya dubi tagar, ya sake dubansu. Na miƙa masa na hannuna, bai karɓa ba.

"Shil," ya ce a hankali. "Cire su."

"Duka, Shaikh?"

"Kullu. Yau." Ya juya ya fita, bai waiwayo ba.

Ban yi musu ba, don na fahimce shi. Na ɗauko fartanya, Baba Yunusa ya ɗauko tasa, muka fara daga layin da ya fi kusa da taga. Saiwarsu ta kama ƙasa da kyau, sai da muka yi gumi duk da sanyin. Muka tara su a bayan katanga, awakin maƙwabta suka zo suka fara da furen.

Na koma gida kafin wata bazarar. Na ci gaba da aikin gadina a Jos har gwiwata ta gaza, na yi wa Turawan mishan, na yi wa manyan soja, na yi wa otal. Amma ban taɓa raya wardi mai kyau irin na Ƙuba ba. Mu uku ne kawai muka gan shi, kuma babu wadda aka shuka dominta a cikinmu.